Yadda za ka binciki cin zarafin 'yan gudun hijira, ka kai maganar inda za a ji, ba tare da ka jefa kowa cikin haɗari ba

Wata rana ina zaune a bayan wani tanti ni da tafinta da wata baiwar Allah, ta shafe kusan awa biyu tana ba mu labarin yadda aka tare motarsu a hanya, aka sauke maza aka yi gaba da su, cikinsu har da mijinta. Na cika shafi 11 da rubutu. Da na zo rufe littafin sai ta kama hannun tafintar ta ce, "Tambayar min shi, wannan rubutun hannun wa zai shiga? Ƙanena yana can har yanzu." Wallahi sai jikina ya yi sanyi, don bayanin da ya kamata in yi mata tun kafin ta buɗe baki ban yi shi da kyau ba, na yi shi a gurguje kamar mai karanta sharuɗɗan manhaja. Ranar na gane cewa labarin nan ba nawa ba ne, nata ne, amanarsa ta ba ni, kuma duk matakan da zan kawo a ƙasa kan wannan amanar suke tafiya.

Mataki na farko: ka san wa kake magana a kansa

Mutane da yawa suna haɗa kowa su kira shi ɗan gudun hijira, alhali a doka ba haka abun yake ba, kuma in ka yi kuskure a nan jami'in da kake so ka ƙure da hujja da jimla ɗaya zai watsar da rahotonka. Ɗan gudun hijira a Yarjejeniyar Geneva ta 1951 shi ne wanda ya tsallake iyakar ƙasarsa saboda tsoro mai tushe na za a tsananta masa kan launin fata ko asalinsa, addininsa, ƙasarsa, ra'ayinsa na siyasa, ko kasancewarsa cikin wani rukunin jama'a. Da farko yarjejeniyar ta tsaya ne kan abubuwan da suka faru kafin 1951, sai ƙarin da aka yi mata a 1967 ya cire wannan ƙaidin. Afirka ta faɗaɗa ma'anar a yarjejeniyar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, OAU, ta 1969, ta shigo da wanda ya gudu saboda mamaya ko hari daga waje ko wani rikici da ya dagula zaman lafiyar jama'a, ko da ba shi kansa ake nema ba. Ƙasashen Latin Amurka ma sun yi makamancin haka a Sanarwar Cartagena ta 1984.

Wanda ya gudu daga gidansa amma bai tsallake iyaka ba, shi ɗan gudun hijirar cikin gida ne, yarjejeniyar 1951 ba ta rufe shi, nauyinsa yana kan gwamnatinsa. Abun da za ka riƙe a nan shi ne Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1998 da Francis Deng ya gabatar, sai kuma Yarjejeniyar Kampala ta Tarayyar Afirka ta 2009 da ta fara aiki a 2012. Mai neman mafaka kuwa shi ne wanda ya shigar da buƙata ba a yanke hukunci ba tukuna. Sai ɗan ci-rani da ya fita neman abun rufin asiri, shi ma yana da haƙƙi cikakke na ɗan'adam, ba a azabtar da shi, ba a bautar da shi, ba a tsare shi haka kawai. Kalmar baƙin haure kam ni ba na son ta a rahoto, don tana yanke wa mutum hukunci kafin a saurare shi, kuma sashe na 31 na yarjejeniyar 1951 ya hana a hukunta ɗan gudun hijira don ya shigo ba takarda matuƙar ya taho kai tsaye daga inda ake barazana ga rayuwarsa ya kuma gabatar da kansa ba da ɓata lokaci ba.

Akwai sashe ɗaya da nake so ka haddace, sashe na 33 na yarjejeniyar 1951, wanda ya hana a mayar da mutum inda rayuwarsa ko 'yancinsa ke cikin haɗari. Sashe na 3 na Yarjejeniyar Hana Azabtarwa ta 1984 ya ƙara ƙarfafa shi, shi kam ko wane irin mutum ne, ko mai laifi ne, ba a mayar da shi inda za a azabtar da shi. Sannan ka bambance safarar mutane da fasa-ƙwaurinsu, ƙa'idojin Palermo na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2000 sun raba su: mai fasa-ƙwauri an biya shi ya tsallakar da mutum iyaka, mai safara kuwa yaudara ko tilas yake yi don ya ci da gumin mutum ko jikinsa. A aikace tafiya kan fara da na farko ta ƙare da na biyu, mutum ya biya kuɗin hanya, ya tsinci kansa a kulle ana kiran danginsa a waya suna jin ihunsa don su turo kuɗi. In kuma wurin da kake bincike ana yaƙi ne, ka ƙara da Yarjejeniyoyin Geneva na 1949, musamman sashe na 3 da suka yi tarayya a kansa, da ƙarin yarjejeniya ta biyu ta 1977 wadda sashenta na 17 ya hana korar farar hula daga muhallinsu sai don tsaronsu ko wata larurar soja da ba makawa.

Mataki na biyu: ka matse tambayarka

"Halin da 'yan gudun hijira ke ciki" ba tambayar bincike ba ce, kogi ne, za ka nutse. Tambaya mai amfani ita ce irin wannan: shin jami'an kan iyaka kaza suna mayar da masu neman mafaka ba tare da an ba su damar shigar da buƙata ba, daga wata kaza zuwa wata kaza? Ko, shin ana tsare yara tare da manya a cibiya kaza? Ka ga akwai wanda ake zargi, akwai wuri, akwai lokaci, akwai dokar da ake zaton an karya. Kafin ka taka ƙafa ko'ina ka zauna ka karanta abun da aka riga aka rubuta, rahotannin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, UNHCR ta 'yan gudun hijira da IOM ta ƙaura da OCHA ta ayyukan jinƙai, shafin ReliefWeb mai tara rahotannin agaji, bayanan Amnesty da Human Rights Watch, da kuma dokokin ita ƙasar da kanta. In wasu sun riga sun yi hira da mutanen nan sau uku kan magana ɗaya, ɗan Allah ka nemi haɗin kai da su, kar ka je ka sake fama musu miki.

Tun a nan kuma ka tambayi kanka, in na gama wa nake so ya yi me? In ba ka da amsa, to ba ka shirya tafiya ba.

Mataki na uku: lissafin haɗari da wurin turawa

Ka ɗauki takarda ka rubuta wa zai ji haushi in wannan magana ta fito, kuma me zai iya yi wa wanda ya yi magana da kai. Kai dai za ka tafi, su za su kwana a wurin. Wani za a cire sunansa daga jerin masu karɓar tallafi, wani za a ƙi sabunta masa takardar zama, wata mijinta ne zai sake ta in ya ji abun da ya faru da ita, wani kuma danginsa da suka rage a gida za a bi. Har direbanka da tafintarka ka saka su a lissafi, su ne aka fi saurin kamawa bayan baƙo ya tafi.

Abu na biyu da mutane ke mantawa: ka san inda za ka tura mutum in ya buƙaci taimako. Ka je da lambobin asibiti, lauya mai taimakon kyauta, masu ba da shawara kan damuwa, da ofishin Red Cross da ke haɗa iyalan da suka rabu, kuma ka kira su ka tabbatar suna aiki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne fa. In wata ta ce maka jiya ko shekaranjiya aka yi mata fyaɗe, maganin kariya daga cutar HIV cikin awa 72 ake fara shi, na hana ɗaukar ciki na gaggawa kuma cikin awa 120. A irin wannan lokacin hira ta tsaya, asibiti ne gaba, in ta yarda.

Mataki na huɗu: neman yarda, da ita kanta hirar

A nan aikin yake, don haka zan ɗan daɗe. Neman yarda ba sa hannu a fom ba ne kawai. Ka faɗa wa mutum sunanka da wanda kake wa aiki, me kake bincike, ina bayanin zai je, shin zai fito a intanet inda kowa zai gani har da waɗanda suka cuce shi. Ka faɗa masa ƙarara cewa ba ka raba abinci, ba ka ba da biza, ba za ka kai shi wata ƙasa ba, kuma in ya ƙi magana ba abun da zai rasa. Dalili shi ne a sansani duk wanda ya zo da littafi da biro ana ɗauka rajista yake yi, mutane za su yi layi, wani har ya ƙara gishiri a labarinsa don yana zaton hakan ne zai fitar da iyalinsa, kuma ba laifinsa ba ne, wahala ce. Sannan ka rarraba yardar: ka yarda in rubuta? Ka yarda in naɗi murya? Ka yarda in ambaci garinku? Ka yarda in miƙa bayanin ga Majalisar Ɗinkin Duniya ko kotu? Mutum zai iya cewa e ga ɗaya ya ce a'a ga sauran. Ka sa shi ya maimaita maka da bakinsa abun da ya fahimta, kuma a ƙarshen hira ka sake tambaya, don kafin ya fara bai san abun da zai fito daga bakinsa ba. In sa hannu a takarda zai zama hujja a kansa in an kama ka da ita, yarda ta baki ta isa, ka rubuta cewa an ba da ita da ranar da aka bayar.

Kar ka biya kuɗi don labari. Kuɗin mota ko ruwan sha ba komai, amma da zarar kuɗi ya shiga tsakani, shaidar ta raunana kuma masu ƙaryata ka sun samu abun riƙewa.

Wuri ya zama na sirri, mutum ɗaya a lokaci ɗaya. Kar shugaban sansani ya zauna, kar jami'in tsaro ya tsaya a bakin ƙofa, kuma kar shugaban nan ya zama shi kaɗai ke zaɓo maka mutane, don zai kawo nasa ne. Ka nemi mata, tsofaffi, naƙasassu, ƙananan ƙabilu, waɗanda tantinsu ke can ƙarshen sansani. Tafinta kuma ka tantance ta sosai, wace ƙabila ce, wane ɓangare ake ganin take, shin mai ba da labarin zai saki jiki da ita? Ka roƙe ta ta fassara kalma da kalma, kar ta taƙaita, kar ta gyara. In mutum ya ce "sun ɓata ni", haka za ta faɗa, kai ne za ka tambaya a hankali me yake nufi, in ya ga dama ya faɗa.

Ka fara da buɗaɗɗiyar tambaya, "Ba ni labarin ranar da kuka bar gida", sai ka yi shiru. Shirun nan yana da wuya amma ka daure, kar ka cike shi. Kar ka ce "Sojoji ne ko?", ka saka masa magana a baki kenan. Ka ce "Su waye? Me suka saka? Wane yare suke yi? Wace irin mota, akwai rubutu ko alama a jikinta? Ka ji sun kira wani da suna ko muƙami?" Tambayar da ta fi kowace daraja a wannan aikin ita ce "Ta yaya ka sani?", don ita ke raba abun da ya gani da idonsa, da abun da ya ji da kunnensa yana ɓoye, da abun da aka faɗa masa daga baya. Duk ukun suna da amfani amma ba nauyinsu ɗaya ba, kuma a littafinka dole su bambanta.

Kwanan wata yakan ba da wahala. Wanda ya yi sati uku yana tafiya a ƙafa ba zai ce maka ranar kaza ga wata ba. Ka tambaye shi kafin girbi ne ko bayan, ruwa ya sauka ko bai sauka ba, akwai farin wata a daren, ranar kasuwa ce. Ka ba shi takarda ya zana maka inda gidan yake, inda motocin suka tsaya, ta inda ya gudu. Kuma in labarinsa ya yi tsalle ko wani wuri ya saɓa da wani, kar ka yi saurin cewa ƙarya yake, firgici yana wargaza tunani, mutum zai tuna launin takalmin wanda ya harbi ɗansa amma ya kasa tuna ko safiya ce ko yamma. In ya fara kuka ko ya yi shiru yana kallon wuri ɗaya, ka tsaya, ka tambaya ko a ci gaba ko a bari. Kar ka tashi ka bar shi a tsakiyar mafi munin abun, ka jawo hirar a hankali zuwa yau, yaransa, abun da yake fata.

Maganar fyaɗe da yara kam, in ba ka da horo na musamman ka bar wa masu shi. Akwai kundin ƙa'idoji da ake kira Murad Code da ya fito a 2022, sunan Nadia Murad aka sa masa, 'yar Yazidi daga Iraƙi da ta samu kyautar Nobel a 2018 tare da Dakta Denis Mukwege, ka karanta shi kafin ka tunkari wannan fannin. Haka tabon azabtarwa: kai ka kwatanta abun da ka gani, ina yake, tsawonsa nawa, ka ɗauki hoto da yardarsa da abun awo a gefe ba tare da fuska ba, amma cewa tabon ya dace da dukan da aka faɗa aikin likita ne da ya san Ƙa'idar Istanbul ta 1999, kundin da ke bayanin yadda ake tantance azabtarwa.

Mataki na biyar: ka tsare bayanan kamar ranka

A watan Janairun 2022 aka gano masu kutse sun shiga rumbun bayanan kwamitin Red Cross na duniya, bayanan mutum sama da 515,000 ya shafa, cikinsu har da waɗanda suka rabu da iyalansu saboda yaƙi. In hakan ta faru da babbar ƙungiya irin wannan, to wayarka fa? Ka ba kowane mai shaida lamba, a littafin hira lambar kawai za ta fito, jerin sunayen kuma yana wani wuri daban a kulle. Ka kulle waya da kwamfuta da kalmar sirri mai tsawo, ba zanen yatsa ko fuska ba, don a shingen bincike ana iya kama hannunka a buɗe. Ka yi amfani da manhajar aika saƙo ta Signal ka kunna saƙon da ke goge kansa, fayil kuma ka ɓoye su da manhaja irin VeraCrypt. Duk dare ka tura abun da ka tara zuwa amintaccen wuri ka goge daga wayar kafin ka bi hanya. Kuma abun da ba ka buƙata kar ka karɓa tun farko, in lambar katin mutum ba za ta ƙara komai ba me ya kai ka rubuta ta?

Mataki na shida: tantancewa

Shaidar mutum ɗaya mafari ce. Ka nemi aƙalla wata majiya da ba ta da alaƙa da ta farko, kuma ka lura, mutum biyar da suka kwana tanti ɗaya suna maimaita labari ɗaya ba majiya biyar ba ne. Ka je wani sansanin, ka nemi wanda ya bi wata hanyar, ka nemi ma'aikacin jinya da ya karɓi masu rauni, direba, mai haƙa kabari, takardar sallama daga wurin tsarewa, rasit ɗin kuɗin fansa. Ka yi jadawali, kowane lamari layi ɗaya: rana, wuri, wa, me, majiya nawa. Da ka cika shi za ka fara ganin salo, misali duk ranar da jirgin ruwa ya iso ana raba maza da mata, ko rukunin jami'ai ɗaya ne ke bakin aiki duk lokacin da aka yi duka. Salo shi ke nuna abu ba tsautsayi ba ne, tsari ne.

Bidiyo da hotunan da ke yawo a Facebook da WhatsApp da TikTok suna da ƙarfi kuma suna da haɗari. Ƙarfinsu, a watan Agustan 2017 kotun hukunta manyan laifuka ta duniya, ICC, ta ba da sammacin kama Mahmud al-Werfalli, wani kwamanda a Libiya, kuma bidiyoyin kisan da aka ɗora a soshiyal midiya na cikin manyan hujjojin. Haɗarinsu, bidiyon wata ƙasa na shekara biyar baya ana iya manna masa sabon suna yau. To da ka ga bidiyo ka sauke shi nan take tare da adireshinsa da ranar da ka gan shi, don ana goge irin su, kamar yadda YouTube ta sauke ɗimbin bidiyoyin yaƙin Siriya a 2017. Ka ajiye na asali kar ka taɓa shi, ka yi aiki a kan kwafi. Ka ciro hotuna daga ciki ka bincika su a Google Lens ko TinEye ka ga ko sun taɓa fitowa. Ka duba hasumiya, tsauni, allon shago, lambar mota, ka gwada da Google Earth, ka duba tsawon inuwa don ƙiyasta lokaci. In mai shaida ne ya ɗauka da wayarsa, ka roƙe shi ya turo a matsayin fayil ba hoto ba, don in aka turo kai tsaye manhajar tana share bayanan ciki na rana da wuri. Ƙa'idar Berkeley da ofishin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar tare da Jami'ar Kalifoniya a Berkeley ta yi bayanin wannan dalla-dalla. Hotunan tauraron ɗan'adam ma suna taimakawa, na Sentinel-2 kyauta ne, haka taswirar gobara ta FIRMS ta hukumar NASA. Lokacin da 'yan Rohingya sama da 700,000 suka tsere daga Myanmar zuwa Bangladesh daga watan Agustan 2017, irin waɗannan hotunan ne suka nuna ƙauyukan jihar Rakhine a ƙone, suka gaskata abun da mutane ke faɗa a sansanonin Cox's Bazar.

Alƙaluma kuma a yi hattara. In ka yi hira da mutum 40, 28 suka ce an doke su, ka rubuta haka, 28 cikin 40 da muka zanta da su. Kar ka ce kashi 70 cikin 100 na 'yan sansanin, don ba haka ka zaɓe su ba. Ƙiyasin jama'a aiki ne daban mai ƙa'idarsa, irin wanda ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta yi a sansanonin Bangladesh ta ƙiyasta an kashe 'yan Rohingya aƙalla 6,700 a watan farko. Ma'aunin da kwamitocin binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ke bi shi ne a samu dalili mai ƙarfi na yarda cewa abun ya faru, ka bi shi, abun da bai kai nan ba ka kira shi zargi ko ka cire shi ko da yana maka zafi. Kuma in ɓangaren da kake tausayawa ya yi ɓarna, ka rubuta. Ranar da aka gane ido ɗaya kake rufewa, duk shaidun da suka ba ka amana sun yi asara tare da kai.

Mataki na bakwai: rubutu da jin ta bakin wanda ake zargi

Shafin farko ya ɗauki komai, don minista ko jakada da wuya ya wuce shi: me ya faru, ina, yaushe, wa ya yi, wace doka aka karya, me kake so a yi. Ka bayyana yadda ka yi binciken, mutum nawa, wane lokaci, ina ka kasa shiga. Ka bar maganar mutane ta fito da kalmominsu, kar ka cika sifofi, "mummunan ta'asa mai ban tsoro" bai kai nauyin "sun ba mu kofi ɗaya na ruwa mu shida" ba. Canza suna kaɗai ba ya ɓoye mutum, in ka ce malamin makaranta mai 'ya'ya tara daga ƙauye kaza, kowa ya gane shi. Ka rage shekaru zuwa "mai kimanin 40", ka cire sana'a, ka ambaci yanki maimakon ƙauye.

Kafin ka fitar, ka rubuta wa hukumar da kake zargi wasiƙa da taƙaitaccen abun da ka gano da tambayoyinka, ka ba su wa'adi kamar sati biyu, ba tare da komai da zai nuna majiyarka ba. In sun amsa ka saka amsar da adalci, in sun yi shiru ka rubuta ranar da ka aika. Ka ba lauya ya duba saboda ƙarar ɓata suna. Shawarwarinka kuma su zama masu suna da wa'adi. "Gwamnati ta mutunta haƙƙin ɗan'adam" ba wanda zai motsa. "Hukumar shige da fice ta daina tsare yara a cibiya kaza, ta bar lauyoyi da UNHCR su shiga cikin kwana 30", wannan ana iya bin sa a ce an yi ko ba a yi ba.

Mataki na takwas: kai maganar

Ba kowace magana ce ta jarida ba. Wani lokacin ganawa a ɗaki da jami'in da ke da ikon sa hannu ta fi kanun labarai saurin buɗe ƙofa, wani lokacin kuma sai duniya ta gani, kamar bidiyon da CNN ta fitar a watan Nuwamban 2017 na gwanjon 'yan ci-rani a Libiya, wanda bayansa aka hanzarta kwaso dubban mutane zuwa ƙasashensu. Ka zana wa ke da ikon yanke hukunci, wa yake jin maganarsa, ƙasar da ke ba shi kuɗi, 'yan majalisa, malaman addini, hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta ƙasar. Ka fara daga kusa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ka nemi ƙungiyoyin da su 'yan gudun hijirar ke jagoranta, su shiga tun daga tsara buƙatu, ba a kira su ranar taro don hoto kawai ba.

A waje kuma ƙofofi suna nan. Majalisar Ɗinkin Duniya tana da wakilai na musamman kan haƙƙin 'yan ci-rani, kan 'yan gudun hijirar cikin gida, kan azabtarwa, kan safarar mutane. Kowa zai iya aika musu ƙorafi ta intanet ba sai ya gama da kotunan gida ba, su kuma su rubuta wa gwamnati, wasiƙar takan zauna a sirri har kwana 60 sannan a wallafa, don haka sunan mutum ba ya shiga sai da yardarsa. Akwai bitar da ake yi wa kowace ƙasa cikin 193 a Geneva kusan duk shekara huɗu da rabi, ana ce mata UPR, ƙungiya ɗaya za ta iya aika rahoto da bai wuce kalma 2,815 ba, haɗaka kuma 5,630, ka duba wa'adin ƙasar da wuri don watanni ne kafin zaman. A Afirka akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam da Al'ummomi a Banjul mai wakili na musamman kan 'yan gudun hijira da 'yan ci-rani, akwai kotun ECOWAS da ke karɓar ƙarar take haƙƙi kai tsaye tun 2005. A Turai, shari'ar Hirsi Jamaa misali ce mai ƙarfafa gwiwa: a 2009 jiragen Italiya suka tare mutane a teku suka mayar da su Libiya, 'yan Somaliya 11 da 'yan Eritiriya 13 suka kai ƙara, a watan Fabrairun 2012 kotun kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai da ke Strasbourg ta ce Italiya ta karya doka ko da a tsakiyar teku abun ya faru. Kusan shekara uku aka yi, kuma lauyoyin sun ci gaba da riƙe hulɗa da wasu daga cikin mutanen da ke warwatse, wannan riƙon shi ne rabin aikin.

Bayan rahoto ya fito ka kira shaidunka ta amintacciyar hanya cikin kwanakin farko, ka ji ko wani ya zo yana tambaya, in an yi wa wani barazana ka rubuta ta a matsayin sabon lamari ka sanar da waɗanda za su iya kare shi, don ramuwar gayya kan wanda ya yi hulɗa da Majalisar Ɗinkin Duniya ita ma ana kai ƙorafinta. Ka fassara taƙaitaccen rahoton zuwa yarensu, in ba sa karatu ka naɗa da murya. Ka buɗe jadawalin shawarwarinka, bayan wata uku da wata shida ka sake rubuta wa hukumar ka tambaya ina aka kwana. Kai ma ka kula da kanka, kar ka wuce hira uku ko huɗu masu nauyi a yini, bidiyon kisa ka kashe sautinsa ka ƙanƙanta allon, in barci ya fara gagarar ka ko fushi ya yi yawa ka nemi mai sauraron ka, tafintarka ma haka, ita da bakinta take maimaita komai tana cewa "ni".

Matar nan ta bayan tanti, na sake zama na yi mata bayanin daga farko, wa zai karanta, wa ba zai gani ba. Ta ce in cire sunan garinsu da maganar ƙanenta gaba ɗaya, sauran in bari. A gabanta na soke layukan, tafinta ta karanta mata abun da ya rage, ta gyara min wuri ɗaya, ta ce motocin uku ne ba biyu ba.